Dangin da Jinya ta Ba Ni a New Bell

Mijina tela ne, gwanin surfanin manyan riguna, shagonsa yana bakin Kasuwar Kongo a Duwala. A farkon 2019 ƙafafunsa suka fara kumbura, yana tashi da amai, zaman keke ya soma gagararsa. Da aka auna jininsa, likita ya ce hawan jinin da ya daɗe a jikinsa, wanda yake sha wa magani yau ya bari gobe, shi ya lalata ƙodojinsa duka biyu. Aka ɗora shi a kan injin wankin ƙoda, bai kuwa rabu da shi ba har daminar 2020 da Ubangiji ya kira shi. Bayanin ciwon na likitoci ne. Abin da ni zan iya ba da shaida a kansa shi ne yadda aka riƙe mu a garin da ba mu da ko ɗan'uwa ɗaya na jini.

Ni 'yar Wusasa ce, can gefen Zariya, inda mishan ta CMS ta koma a 1929, kuma a nan kakannina suka yi baftisma. Shi mutumin ƙasar Malumfashi ne. Hausawa ne mu gaba da baya, Kiristoci kuma, abin da ke ba mutanen kudancin Kamaru mamaki, domin a wurinsu duk mai babbar riga da hula Musulmi ne. Da muka zo Duwala, harshe da tuwo suka kai mu unguwar Hausawa ta New Bell, muka kama haya a gidan wani Alhaji mai fataucin goro. Sujada kuma muka same ta a wata 'yar majami'a ta 'yan Arewa, inda Tupuri da Masa da Mundang da Mafa suka fi yawa, mutanen Yagwa da Kaele da Mokolo, sai tsirarun 'yan Mubi da Michika da Gwoza waɗanda muke Hausa da su. Ana wa'azi da Faransanci a juya da Fulatanci, ni kuma ina bi da Littafi Mai Tsarki na Hausa a kan cinyata.

New Bell tun asali unguwar waɗanda danginsu ke nesa ce. Jamusawa ne suka shata ta, lokacin da suka ƙudura ƙwace filayen mutanen Duwala na bakin kogin Wuri, su tura su baya, a bar fili mai faɗin kilomita 1 tsakaninsu da Turawa. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi yarda, aka rataye shi ranar 8 ga Agusta 1914. 'Yan ƙasa ba su so zaman wurin ba, baƙi ne suka cika shi: Hausawa 'yan goro da mahauta, Bamileke, Basa, Ewondo da sauransu. Kowace al'umma ta yi wa kanta shugaba da adashi da asusun mutuwa, domin wanda ciwo ya kayar a nan, in bai ƙulla wani zumunci ba, ba mai ɗaga shi. Mu kuwa kwananmu na cikin Hausawa, sujadarmu na cikin wasu, har na sha tambayar kaina wane ɓangare ne zai ce mu nasa ne ran da ta ɓaci.

A lokacin gwamnati na tallafa wa wankin ƙoda. Majinyaci yana biyan sefa 5,000 kowane zama, zama 2 a mako, wato 520,000 a shekara. Wannan kuɗin inji ne kawai. Ga gwajin jini, ga allurar ƙarin jini, ga maganin hawan jini, ga kuɗin mota zuwa Babban Asibitin Duwala, wanda daga wajenmu sai an ratsa cunkoson Ndokoti. Kowane zama awa 4 ne, mutum ya sauko ba ƙarfi a jikinsa, ba ya iya riƙe kansa a bayan bensikin, wato babur ɗin haya, dole sai shatar tasi. Ranar wanki kuma ba ɗinki.

Mu rufin asiri aka raine mu da shi. In an ce mini ya mai jiki, sai in ce da sauƙi, mun gode Allah, alhali na fara fitar da zannuwan aurena kasuwa. Shugabar zumuntar matanmu, wata dattijuwa 'yar Mundang mai sayar da gwanjo a Kasuwar Nkololoun, ba ta taɓa tambayata abin da nake bukata ba. Wata Lahadi da yamma ta zo da littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ta zauna a bakin ƙofa, da Hausarta ta kasuwa ta ce, "'Yata, waɗanne ranaku ake kai Malam?" Na faɗa mata. Ta ce, "Ƙarfe nawa ake fita? Me likita ya hana shi ci? Wa ke ɗauko yara daga makaranta?" Tana tambaya tana rubutawa. Na ce, "Mama, kada ku wahalar da kanku." Ba ta ko ɗago kai ba. Kafin mako ya zagayo kowa a majami'a ya san ranarsa da aikinsa.

A wurinta na gane cewa "in kina son wani abu ki faɗa" magana ce mai daɗin ji, amma tana ɗora wa mai jinya sabon nauyi, nauyin roƙo, kuma mai kunya zai mutu da bukatarsa a baki. Tambayar da ke da amfani ita ce wadda amsarta rana ce, ko sa'a, ko adadi.

Girkin mai ciwon ƙoda wani karatu ne na daban. Gishiri kaɗan, ba dunƙule, ba kanwa. Ayaba da agada, waɗanda su ne abincin garin, sai a guje su, domin sinadarin da ke cikinsu yana taruwa a jinin wanda ƙodarsa ba ta tacewa, har ya iya tsayar da zuciya. Ganye sai an tafasa an zubar da ruwan farko. Ruwan sha ma a ƙididdige yake, a garin da mutum ke gumi ko yana zaune a inuwa. Matan da duk rayuwarsu ba su san miyar kuɓewa ba kanwa ba suka koyi wannan girki saboda mutum ɗaya, kuma da suka ga yana tsakurar abincinsu don kara, sai suka zo na koya musu tuƙin tuwon masara irin na gida da miyar da bakinsa ya saba. Da jininsa ya yi ƙasa ƙwarai aka ce sai an ƙara masa, ƙa'ida kuma ita ce a kawo masu bayarwa a madadin ledar da za a ɗauka. Samarin ƙungiyar mawaƙa suka je suka yi layi. A cikin layin har da yaron shagonsa, Musulmi ɗan Marwa, wanda ba wanda ya kira shi.

Dole in faɗi wannan, domin rashin faɗarsa butulci ne. Alhaji ya daina aiko yaro karɓar kuɗin haya, bai kuma taɓa ɗaga maganar ba. Matarsa Hajiya ta mayar da 'ya'yana nata a ranakun asibiti, in na yi godiya ta ce, "Haba ɗiyata, ciwon 'ya mace ai na 'ya mace ne." Abin da ya ƙara mini son ikilisiyarmu shi ne ba ta yi kishi da wannan alheri ba, ba ta nemi ta mallake mu ita kaɗai ba. In 'yan'uwa sun zo dubiya suna waƙa aka kira sallar magariba, sai su sassauta har a idar. Baba Fasto ba ya fita daga gidan sai ya tsaya a zaure ya gaisa da Alhaji, su taɓa hira da Fulatanci.

Akwai kuma masu zuwa da sunan Yesu su bar ka cikin duhun da ya fi wanda suka tarar. Duwala cike take da su, duk da cewa a 2013 gwamnati ta rufe ɗimbin majami'u marasa rajista. Wasu baƙi suka zo mana da kwalbar mai da ruwan addu'a, suka ce wa Malam ciwonsa jifa ne, kuma muddin yana dogara ga inji bai ba Allah wurin aiki ba. Wai ya bar zuwa asibiti, ya zo a yi masa azumin kwana bakwai. Mutumin da ya gaji da allura, ya gaji da ganin matarsa na sayar da kayanta, irin wannan magana tana shigarsa. Mai ciwon ƙoda kuwa in ya tsallake wanki, ruwa yakan cika masa huhu, guba ta taru a jini, cikin 'yan kwanaki a rasa shi. Baba Fasto da ya ji, da kansa ya zo da asuba ranar wanki, ya shiga tasin tare da mu. A hanya ya ce, "Malam, za mu roƙi Ubangiji ya warkar da kai, ba za mu fasa ba. Amma a kan gadon asibiti za mu roƙa. Wanda ya ba likita sani ba ya fushi don ka je wurin likita." Har yau ina ganin duk mai gaya wa majinyaci cewa ƙarancin bangaskiyarsa ne ya hana shi tashi, ya ƙara masa ciwo ne a wurin da allura ba ta kaiwa, kuma ikilisiyar da ta yi shiru a kan haka tana da alhaki.

Mazan ikilisiya sun yi wani abu da ni mace ban yi tunaninsa ba. Sun lura kowa ya shigo sai ya rage murya ya tambayi jiki, har Malam ya fara jin kansa ba kowa ba ne sai majinyaci. Sai suka riƙa zuwa da hirar farashin shadda, da gardamar ƙwallo, da labarin kofin Afirka da Kamaru ta ɗauko a 2017. Suka kawo masa yadin rigunan mawaƙa ya yanka yana zaune, yaronsa ya ɗinka, aka biya shi kuɗin aiki cif, ba a ce taimako ba ne. Ranar da ya miƙo mini kuɗin ya ce in yi cefane, fuskarsa ta koma irin wadda na sani.

Ni kuwa lokaci ya zo da addu'a ta tsaya mini a maƙogwaro. In na durƙusa ba abin da ke fitowa sai lissafin kuɗi da wani ɗaci da nake ji game da Allah, wanda nake tsoron ambata. Na gaya wa Mama shugaba, ina jiran faɗa ko wa'azi. Ta ce, "To ki bari, mu za mu yi. Ke ki ce amin. In amin ɗin ma ta gagara, ki zauna kawai a tsakiyarmu." Haka aka yi wata da watanni. Suna addu'a da Tupuri da Mundang da Fulatanci, ba na jin mafi yawan abin da suke cewa, sai sunan mijina da na 'ya'yana da nake tsinta a ciki. A sura ta 2 ta Bisharar Markus akwai labarin shanyayyen da mutum huɗu suka ɗauko, taro ya hana su ƙofa, suka buɗe rufin ɗaki suka zurara shi gaban Yesu. Tun ina yarinya a Wusasa na san labarin, amma a New Bell na lura cewa ba a rubuta ko kalma ɗaya da shanyayyen ya furta kafin a taimake shi ba, kuma bangaskiyar da aka ce Yesu ya gani har da ta masu ɗaukar. Na fahimci cewa akwai ranar da mai bi ba ya iya riƙe tasa bangaskiyar, 'yan'uwa ne ke riƙe masa ita har ya farfaɗo. Don wannan ake taruwa, in ba haka ba da kowa ya yi sujadarsa a ɗaki.

Ranar 18 ga Maris 2020 Kamaru ta rufe iyakokinta saboda korona, aka hana taron da ya wuce mutum 50. 'Yan'uwana na Zariya da suke shirin zuwa ba su samu hanya ba. Mai wankin ƙoda ba shi da ƙarfin garkuwar jiki, don haka dubiya ta koma ta bakin taga: a ajiye kwano a ƙofa, a yi gaisuwa daga tsakar gida, addu'a ta waya. Baba Fasto kaɗai ke shiga da takunkumi, ya kawo masa Jibin Ubangiji, ya ɗiga masa abin da ke cikin ƙoƙon a harshe saboda ƙididdigar ruwa. A watan Agusta aka yi ruwan da ya cinye unguwanni da dama na Duwala, lungunmu ya zama rafi, mota ba ta shiga. Ranar wanki ce. Samari suka naɗe wando, suka goya shi bi da bi har bakin kwalta.

Shanyayyen Markus ya tashi ya ɗauki shimfiɗarsa ya tafi gida. Nawa bai tashi ba. A watan Satumba zuciyarsa ta gaza. Ba ni da bayanin wannan bambanci, kuma ina girmama Baba Fasto da bai ƙirƙiro mini wani ba. Ya ce shi ma bai sani ba, ya yi hawaye, ya tuna mini da begen tashin matattu, ya tsaya a nan.

Sai maganar jana'iza, wadda a Duwala babbar magana ce. Al'adar kudu ita ce a ajiye gawa a mutuware makonni, wani lokaci watanni, dangi su taru su haɗa kuɗi, a fitar da anko, a sayi akwati mai tsada, a ɗauko gawa ranar Alhamis ko Juma'a, a kwana zaune ana waƙa, a ciyar da jama'a, sannan a yi ayari zuwa ƙauye. Kiristocin Arewa mazauna garin sun ɗauki da yawa daga ciki, ga kuma kai gawa gida, tafiyar kilomita fiye da 1,400 in Marwa za a je. Ba na raina wannan. Haka suke nuna cewa mamaci yana da mutane. Sai dai na ga gidajen da aka kasa haɗa kuɗin magani, aka haɗa ninkinsa da yawa don binnewa, kuma wannan yana ci mini rai.

Ni jinin Hausa ke jikina, kowane dare da ya kwana a cikin ƙanƙara ji nake kamar ni na bar shi a waje. Alhaji ma ya aiko yana tambaya a hankali ko akwai abin da ya tsayar da mu wanda zai iya taimakawa. Wasu dattawan ikilisiya kuma suna ganin in aka yi gaggawa, mutane za su ce an binne shi kamar marar gata, ikilisiya ta ji kunya. Gardama ce ta masu ƙauna, kowa yana neman mutuncin mamaci ta hanyar da ya sani. Abin da ya raba ta shi ne wasiyyar da Malam ya bar wa Baba Fasto tun da sauran ƙarfinsa: "Baba, kada ku ajiye ni ku ci bashi a kaina. Abin da za ku kashe, ku kai yara makaranta." Dattawa suka sauko daga ra'ayinsu, na kuma san ba da sauƙi ba. Aka kwana ɗaya ana waƙa a tsakar gida, da izinin Alhaji, aka kai shi makabartar Bois des Singes kusa da filin jirgin sama. Maƙwabta Musulmi suka raka mu, suka ja gefe lokacin addu'a, da aka zo mayar da ƙasa suka karɓi shebur. Kuɗin asusun mutuwa da ya rage, Mama shugaba ta riƙe shi, da aka koma makaranta a Oktoba ta je da kanta ta biya, ta kawo mini rasit.

Makoki yana da jama'a, bayan makoki ne ba kowa. An ɗauke kujeru, masu "sannu da haƙuri" sun koma harkarsu, sai ga magariba ta yi, lokacin da yakan shigo da awon ɗinki rataye a wuya. Hajiya ta tambaye ni tsawon takabarmu, tunda tasu wata 4 da kwana 10 ce. Na ce ikilisiyarmu ba ta yanka wa'adi ba. Matan zumunta su ma ba su yanka ba, sai suka buɗe sabon shafi a littafin nan, aka rubuta wadda za ta zo kowace magariba. Wadda ta fi zuwa wata tsohuwa ce 'yar Tupuri, ita ma mijinta ya rasu, ba ta jin Hausa ba ta jin Faransanci, ni kuma ba na jin nata. Takan zo da gyaɗa a ƙwarya ta zuba mini rabi a zane, mu yi ta ɓara har duhu ya yi sosai, ta ɗora mini hannu a ka ta yi addu'a, ta tafi. Da a ce muna jin juna, watakila da ta ji dole ta faɗi wani abu, ni kuma in ji dole in nuna na samu sauƙi.

Bayan wasu watanni Mama shugaba ta zo da wata bukata, wannan karon ita ke roƙo. Akwai matan Gwoza da suka tsere lokacin da Boko Haram ta kama garinsu a Agusta 2014, wasunsu sun bi ta sansanin Minawao kafin su gangaro kudu. Ba su jin Faransanci, karatu kuma bai wadace su ba, suna zama a sujada kamar baƙi. Ta ce, "'Yata, ke kaɗai ke da Littafin Hausa da bakin karanta shi. Ki taimake ni da su ranar Laraba." Na ce ban da ƙarfi. Ta ce ta sani, in zo a haka. A cikin matan nan akwai waɗanda ba su ga gawar mazansu ba, balle kabari. Baƙin cikinsu bai rage nawa ba, kuma ba na son a riƙa rarrashin mutum da cewa wani ya fi shi shan wuya. Abin da ya faru shi ne in na karanta musu Zabura sai su ce in yi addu'a, tunda ni ce a gaba, kuma ba yadda zan ce musu ba na iyawa. A bakin aikin nan addu'ata ta dawo, da farko don su, daga baya don kaina.

A watan Afrilu 2023 gwamnati ta ƙaddamar da shirin kiwon lafiya na bai-ɗaya, kuɗin wankin ƙoda ya sauko zuwa sefa 15,000 a shekara. Na yi murna ƙwarai saboda waɗanda muka bari a ɗakin wanki, ko da yake tasi da jini da abinci da hayar gida suna nan a wuyan mai jinya. A majami'armu yanzu wata ma'aikaciyar jinya tana auna hawan jini bayan sujada sau ɗaya a wata, kuma an samu mutane da dama da suke yawo da shi ba su sani ba. Mu matan da muka yi jinya muka kai wa dattawa shawarar a raba gudummawar wata-wata gida biyu, a buɗe asusun jinya kusa da na mutuwa, don a taimaki mutum tun yana iya cewa na gode. An amince da wannan bayan doguwar muhawara. Shawara ta biyu, ta a rage abin da ake kashewa wajen kai gawa Arewa, ba ta wuce ba, an ɗage ta zuwa taron ƙarshen shekara. Na san za a sake kai ruwa rana, domin wanda ya yi shekara talatin yana gadi ko dako a bakin teku, burinsa ya kwanta kusa da iyayensa, kuma Mama shugaba da kanta ta riga ta gaya wa 'ya'yanta cewa a Kaele take so a binne ta.